Baƙuwar da Ta Roƙi Ruwa

A gidanmu na Fagam, tatsuniya ta Iya ce, kakarmu ta wajen uba. Da sanyi, in an idar da sallar isha, sai ta tura kara a murhu mu kewaye ta. Yini take yi tana sussuka, don haka a gajiye muryarta ke fita. Wani sa'in gyangyaɗi ya ɗauke ta ana tsakiyar labari, sai mun taɓa ƙafarta.

Akwai guda da ba ta bayarwa sai mun nace. Wai wata mata ce ta shigo gari da rani, fuskarta a lulluɓe, tana bin gida-gida tana roƙon ruwa. Duk inda aka ba ta, sai ta shafa kan yaran gidan, ba a jimawa su bi ta. Ta sauka a wata bukka a bayan dutse. Iyaye mata suka riƙa kai kunu suna ajiyewa daga nesa, suna kiran 'ya'yansu. Wasu yaran suka dawo da tabo a fuska. Wasu ko amsawa ba su yi ba.

Na taɓa tambayarta don me ba a hana matar ruwan ba.

"Wa ke hana baƙo ruwa?" in ji ta. "Ku tashi ku kwanta."

Haushi nake ji, labari babu Gizo, babu wanda ya yi wayo.

Na girma na kama aikin jinya a Birnin Kudu. Sai a zaman makokin Iya, Baffa Sule, yayan babanmu, ya faɗa mana cewa shekarar agana, annobar nan mai barin tabo a fuska, a bayan dutsen nan aka killace marasa lafiya. 'Yan mata biyu Iya ta kai, yayyensa. Ta yi ta kai kunu har ranar da aka ce mata ta daina. Babanmu, autanta, bai taɓa jin sunayensu a bakinta ba.

Nakan ji ana gardama ko almara tana da tushe a abin da ya faru. Ba na sa baki, na gaji. Ni ma in na fito wurin uwar da ke zaune a barandar asibiti, ban cika iya kiran abin da sunansa ba. Cewa nake yi lokaci ya yi, a yi haƙuri. Iya ba ta ɓoye mana komai ba. Gwargwadon abin da bakinta zai iya ɗauka ta faɗa, mu kuwa muna ta mitar labarin ba daɗi.