Takardar da Ta Sa Ni Sayen Burodi

Shekarar da motar hayata ta mutu murus, na ji ƙishin-ƙishin wata makarantar kuɗi a Unguwar Sarki tana neman direban bas. Sai dai dole a kai takardar neman aiki, da Turanci, ni kuwa Turancina bai wuce na faɗa da 'yan sanda ba.

A layinmu na Kurmin Mashi mai iya rubuta irinta mutum ɗaya ne, wani tsohon malamin firamare, maƙwabcina. Matsalar, yana da ƙanen matarsa zaune a gidansa, direba ne shi ma, ba aiki, yana cinye tuwon mutum bakwai. In na faɗi wurin, ai na san wanda zai riga ni zuwa.

"Ina ne wurin?" Malam ya tambaya, yana goge tabarau.

"Gidan burodi ne, Malam, can Mando."

"Wanne daga ciki?"

"Sabo ne, ko suna ba su sa ba. Ka bar saman fili, zan cike."

Ya dube ni sama da ƙasa. Sannan ya rubuta, ya cika shafi fam. Ban bari kowa ya karanta mini ba, don duk wanda na duba sai in ga fuskar direba. Na kwafi adireshin makarantar daga allonsu na cike saman takardar, na kai musu.

Ranar ganawa, shugabar makarantar ta karanta, ta ɗago kai.

"Malam direba, an ce ka iya jera kaya har rufi ba tare da ko ɗaya ya lotse ba. Kuma kana kai su da zafinsu. Yaran namu?"

Na ce, "Hajiya, wanda ya lallaɓa burodi a ramukan hanyar Mando, yaro ai sarki ne a hannunsa."

Ta yi dariya har da tari, ta ce in zo Litinin.

Da yamma Malam ya tare ni a ƙofa. "An dace? Madalla. To mu ma a riƙa tunawa da mu, ko da burodin da ya kwana ne."

Tun daga nan duk Juma'a sai na sayi burodi na kai masa. Yana karɓa, ya shinshina, ya ce, "Naku ya fi na kowa laushi." Kuma ba ya taɓa faɗin haka sai ya ɗan kalli bas ɗin makarantar da na ajiye a bakin layi.