Mushe Idrisa da Daularsa ta Cikin Ordinatar

Mushe Idrisa malamin tarihi ne a wani kolej a nan Yamai, inda ake ce wa malamin boko Mushe. Mutumin Tawa ne, gidansa yana bayan kasuwar Lazaret, kusa da fadarmu ta shan shayi. A da, ba wanda zai ce yana da wani aibu in ba yawan surutu ba. Ya san sarakunan Gawo da na Katsina da na Borno kamar danginsa, kuma in ya fara labarin yadda sojojin Maroko suka karya Songai da bindiga, sai idonsa ya kawo ruwa kamar jiya aka yi.

Wani abokin aikinsa da ya dawo daga karatu a Faransa shi ya bar masa tsohuwar ordinatar ta hannu, wato kwamfuta, da wani wasa a cikinta. Wasan taswirar duniya ce ta zamanin da. Ka zaɓi daula ka riƙe ta shekaru ɗaruruwa, ka aza haraji, ka tura runduna, ka ƙulla amana da maƙwabta in ka ga dama ka ci amanar. Idrisa ya zaɓi Songai. Gaskiya, ranar da ya fara nuna mana, mu ma mun matso. Ga kogi, ga Agadas, ga Kano, kowace ƙasa da launinta. Da ya kori sojojin Maroko ya bi su har gida, kilishi ya sayo mana. Abin da ke ci masa rai tun yana ɗalibi ya gyara shi da yatsa ɗaya. Wannan kam na fahimce shi.

Amma daga nan mutum ya lalace. Ya daina duba takardun ɗalibansa. In an ɗauke kuran sai ya rungumi ordinatar ya hau kabu-kabu yana neman unguwar da ke da wuta. Matarsa Zeinabu, wadda ke saro salati da tumatir a Gamkalley tana kasawa a kasuwa, in ta ce, "Baban Lami, hatsi ya ƙare," sai ya ɗaga mata hannu ba tare da ya dube ta ba, ya ce, "Dakata, Fotugal ta kawo mini hari."

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki, daminar da ta wuce ba ta yi ba. Mutanen ƙauye suka fara shigowa gari da ƙullin kayansu. A cikinsu har da Yakuba, yayan Idrisa uwa ɗaya uba ɗaya, da matarsa da yara. Shanunsa sun mutu ɗaya bayan ɗaya, ya bar tsohuwarsu a hannun maƙwabta domin ba za ta iya zaman mota ba. Ina wurin ranar da ya iso. Ya zauna a tabarma yana ba ƙanensa labari. Idrisa yana ji, ido a kan taswira.

Da Yakuba ya gama, Idrisa ya ce, "Yaya, na san wannan matsalar. Na sha yin fari a daulata. Jama'a sukan ragu kaɗan, amma in ka haƙura ba ka taɓa baitulmali ba, cikin shekara goma ƙasa ta cika kamar ba a yi ba."

Yakuba ya dube shi. "Mi ka ce, Idrisa? Su wa za su ragu kaɗan? Inna ko ɗiyana?"

"Ba ka gane ba, Yaya. Maganar mulki nake yi."

 Washegari Zeinabu ta kai Yakuba Gamkalley, ta haɗa shi da mai lambun da take saro kaya wurinsa. Mutumin da ya mallaki garke ya koma ɗaukar bokiti daga kogi yana ban ruwan kabeji. Ba da daɗewa ba ya kwashe iyalinsa zuwa wata bukka a bakin lambun.

Shi kuwa Idrisa, abin da ya dame shi daban. Ya ce sojoji sun sami ƙasa ba su san yadda ake riƙe ta ba, shi kuma ya riƙe daula fiye da shekara ɗari uku. Akwai wani Kapitan Halidu, haifaffen Yamai, da ke zuwa unguwarmu gaida gwaggonsa. Idrisa ya yi ta tare shi har ranar da Kapitan ya ce masa ya zo bariki. Ya sa babbar riga, ya ɗauki ordinatar, ya ce mana za mu ji sunansa a rediyo.

Kapitan ya bar shi ya yi ta bayani a kan haraji da rumbunan tsimi. Da aka zo wurin tura runduna sai ya jawo kujera. "Mushe, wannan dokin, yaya ake sa shi ya kai hari?" Idrisa ya nuna masa. Kapitan ya yi dariya, ya juya ordinatar ta fuskance shi, ya ce, "Bar ta nan, za mu yi nazari."

Ba ta sake kwana gidan Idrisa ba. In Kapitan ya rikice a wasan sai ya aiko a kira shi. Idrisa ya je ya tsaya a bayan kujera yana cewa, "Ranka ya daɗe, kar ka yaƙi Borno yanzu," Kapitan kuma ya yaƙe ta. A 'yan makonni ya wargaza daular gaba ɗaya. Amma in Idrisa ya dawo fada sai ya gyara zama ya ce, "Yau ma na ba su shawara." Har ya hana mu kiransa Mushe, wai mashawarci ne.

Yana can tsaye bayan kujerar aka bugo wa Yakuba waya cewa tsohuwa ta rasu. Zeinabu ta aika bariki, aka ce Mushe yana cikin aiki da Kapitan. Yakuba ya tafi Tawa shi kaɗai. Kafin Idrisa ya bi bayansa an riga an yi sadakar uku, kuma mutanen garin sun ce ko a wurin gaisuwa maganar rumbunan tsimi ya yi ta yi musu.

Da sojoji suka miƙa mulki, aka tura Kapitan Halidu gabas, ya tafi da ordinatar. Idrisa ya je tasha ya ɗaga masa hannu, ya kasa cewa ya mayar masa da ita. Yakuba bai koma kiwo ba. Yana Gamkalley har yanzu, ya sami ɗan fili nasa, kuma in Zeinabu ta je saro kaya yakan ƙara mata albasa ya ce ta gaida yara. Ba ya tambayar ƙanensa.

Idrisa yana nan yana koyarwa. Yana zuwa fada, sai dai in ya fara magana mutane sukan tuna suna da wurin zuwa.