Ranar da Hajiya Ta Nemi Aron Maƙwabciyata

A unguwar Nuzla, ƙofata na kallon ƙofar wani mai gasa burodin tamis, mutumin Afganistan. Matarsa malamar lissafi ce a garinsu kafin su zo Jidda. Da Larabci muke hira, nata da ɗan tsami, nawa na wadda aka haifa a nan. Shekarar da aka rufe wa 'yan matan ƙasarsu makarantun sakandare, kullum da hantsi ina jiyo ta a waya tana koya wa 'ya'yan ƙanwarta lissafi.

Ni sana'ata girkin biki. Cikin masu kirana akwai wata Hajiya, matar wani attajiri, mai gida a arewacin gari. Ran nan ta bugo min waya.

"Za mu yi zama a gidana don nuna goyon baya ga matan Afganistan. Ki yi mana sambusa da waina. An ce akwai irinsu a unguwarku, ki taho mana da guda ɗaya."

Guda ɗaya, kamar faranti take nema aro.

Na faɗa wa maƙwabciyata, ina jin nauyi. Ita kuwa murna ta yi. Ta zauna ta rubuta takarda da hannunta: tana neman mata masu ilimi da za su ba da awa ɗaya a mako, su koyar da yaran ta waya. Ta ja layuka don sunaye da lambobi.

Muka isa bayan la'asar. Falon ya cika da mata da ƙamshin turaren wuta. Hajiya ta dubi baƙuwar tun daga sama har ƙasa, ta yamutsa fuska, don abaya baƙa ce a jikinta irin ta kowa.

"Ai ba ta yi kama da su ba," ta ce da ni da Hausa. Ta shiga ɗaki ta fito da shuɗin lulluɓin nan mai raga a ido, sabo fil, ko ninkinsa bai warware ba. "Ce mata ta saka, don hoto."

Na fassara. Maƙwabciyata ta ce, "Ya ukhti, ban taɓa saka wannan ba a rayuwata."

Amma ta saka, saboda takardar da ke hannunta.

Suka yi layi suna rungumar ta ana ɗauka. Wata ta matse hawaye, ta duba hoton, ta ce bai fito ba, a sake. Sannan aka shiga jawabi. Mata huɗu suka yi magana a kan ƙasar da ba za su iya nuna ta a taswira ba. Ba wadda ta tambayi baƙuwar ko sunanta.

Da ta cire lulluɓin ta miƙe za ta karanta takardarta, Hajiya ta tafa hannu.

"Halas, ya isa haka, abinci zai huce. Yalla, bismillah."

Na karɓi takardar na zagaya da ita da kaina. Wannan ta ce jikoki sun yi mata yawa, waccan ta ce sai ta tambayi maigida, alhali a Landan ta yi digirinta. Takardar ta dawo min da maiƙon sambusa, wata ma ta tara ƙwallayen dabino a kai.

A mota maƙwabciyata ta goge takardar da bakin mayafinta, ta linke. Ni da ko sakandare ban gama ba na karɓa na rubuta sunana, na ce Larabci dai zan iya. Ta haɗa ni da yara biyu. Har yau ranar Talata muna karatu, idan layin ƙasarsu bai yanke ba. Babbar ta fi ni nahawu yanzu, ita ke gyara min.

Bayan wata biyu Hajiya ta sake kira. Wannan karon zaman na matan wata ƙasa ce daban. Na ce mata hannuna na ciwo.