Malam da Zanen Saƙin Inna Talatu

Ku yi haƙuri 'yan uwa, ban so in dame ku ba, abin ne ya fi ƙarfina.

Ɗazu na tarar da maigidana a tsugune gaban murhu, ya tura gwangwanin madara cikin wuta. Tun da damina ta jiƙa mana ashana ya rantse sai ya dawo da ƙyastu, ƙarfe da dutsen kunna wuta irin na kakansa. Wai ana turara ƙyalle a rufaffen gwangwani har ya yi baƙi ƙirin, sai ya riƙa kama tartsatsi.

Da ya huce ya ciro ƙyallen, ya ƙyasta ƙarfe a jikin dutse, nan take ƙyallen ya yi ja.

Na ce, "Masha Allah. Malam, ina ka samo ƙyalle?"

Ya ce, "Wani tsohon tsumma na gani a ɗakinki, na yanki gefe. Yadin zamani narkewa yake yi, wannan kuwa auduga ce zalla."

Na yi salati, na ce, "Zanen saƙin Inna Talatu ne fa! Gadon kakarta!" Maƙwabciyarmu ce, jiya na aro wa 'yata shi don bikin al'ada na makarantarsu.

Malam ya dubi garwashin, ya ce, "To, ki shaida mata kayanta na ƙwarai ne. Ƙyastawa ɗaya ya kama."

Ni dai ba zan yi ƙarya ba, amana ce. Amma ta ina ake fara irin wannan bayani? Bayan La'asar za ta aiko a karɓa. Don Allah ku ba ni amsa da wuri.