Ɗan Gwaggo a Gidan Ubansa

A Wurno aka haife ni, amma ba a can na yi wayo ba. Ranar da aka yaye ni, ƙanwar mahaifina ta zo daga Goronyo ta goya ni ta tafi da ni. Ta daɗe da aure ba ta samu haihuwa ba, ni kuma ɗan fari ne, sai aka ba ta ni riƙo. Mijinta masunci ne, gidansu dab da gulbi, tun ba a san za a yi madatsar ruwa a wurin ba. Na tashi cikin komar kamun kifi da ake shanyawa bisa danga da ƙaurin kifin banda. Daga baya Allah ya ba gwaggo 'ya mace, kuma ni na yi rainonta, ni ta fara kira Yaya.

Gwaggo ba ta ɓoye mini asalina ba. Wata rana tana cuɗa mini baya ta ce, "Waccan da ba ta dubinka in mun tahi Wurno, ita ta haihe ka. Kunya ta, ba ƙiyayya ba." Haka al'adarmu take. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa magana gaban mutane, ba ta nuna nata ne. In mun je ziyara Inna takan ajiye mini abinci ta kau da kai, ta ce wa iska, "A ba yaron ga." Na gane, ban riƙe ta a zuciya ba.

Wanda bai gane ba shi ne ƙanena, wanda aka haifa bayan an tafi da ni. Tun da ya buɗe ido yana ganina ina shigowa gidansu riƙe da zanen gwaggo, in kwana biyu in koma. A wajensa ni ɗan gwaggo ne, wato taubashinsa. Tsakanin ɗan namiji da ɗan mace kuwa wasa ne har abada, ɗan namiji ubangida, ɗan mace bawa. Da ya hango jakinmu sai ya rugo yana ihu, "Ga bawana ya iso! Ɗan gwaggo, mi kak kawo man, kihi ko ƙarni?" Manya su yi dariya. Ni ma nakan yi, don ziyara ce, gobe na tafi.

Shekarar da Turawa suka matsa wa hakimai a ƙara yara a makarantar elementare, aka ce gidanmu sai ya ba da ɗa ɗaya. Baba bai so ya rasa ƙanena da ke taya shi aikin albasa a fadama, sai ya aika Goronyo a maido ni. Gwaggo ta ɗaure mini kayana da kanta, ba ta yi kuka a gabana ba. Haka na dawo gidan ubana da zama, aka shimfiɗa mini tabarma a ɗaki ɗaya da ƙanena.

Wasan bai tsaya ba, sai ma ya ƙaru. Da safe ya taka ni da ƙafa ya ce bawa shi tashi shi ɗebo ma ubangida ruwa. In na sa rigar makaranta ya ce an yi wa kifi wando. Yana kiran sunana gatsau a tsakiyar gida, abin da ƙane ba ya yi wa wansa. Ya ɗauka an kawo ni ne don boko kawai, in na gama in koma wajen uwata.

Ni mutum ne mai saƙe-saƙe tun ina ƙarami. Abin da wani zai manta kafin azahar, ni sai in kwana ina juya shi. Na so ƙwarai yaron nan ya san ciki ɗaya muka fito. Amma duk lokacin da na buɗe baki sai wani tunani ya rufe shi. In na ce Inna ce uwata, na tona abin da ita take jin nauyin faɗa. In na ce ni ba ɗan gwaggo ba ne, na yi wa wadda ta goya ni butulci. Na kuma yi ta tambayar kaina ko maganar ta yara ce ma, ko ta manya. Manyan kuwa kowa ya zaci wani ya faɗa masa. Baba yana fadama tun asuba. Inna ba za ta iya ba. Kakarmu, uwar Baba, wadda ta dawo daga Rabah da zama wajenmu bayan rasuwar mijinta, tana jin tsokanar amma ta ɗauka rashin kunyar ƙuruciya ce.

A haka watan cika-ciki ya kama, kuma a shekarar ya faɗo bayan an kai amfanin gona gida. Gwaggo ta zo da 'yarta don a yi tare. Aka dafa wutsiyar ragon layya da aka ajiye, kowa ya ci har ya ture. Washegari da hantsi lokacin shara ne. Ɗan mace yakan ɗauki tsintsiya ya share gaban ɗan namiji, shi kuma ya ba shi ɗan abin da ya samu, ko dabino ko tsokar nama.

Ƙanena ya shirya tun da wuri. Ya zauna bisa turmi ya harɗe ƙafa kamar hakimi, dabino cikin hularsa, tsintsiya biyu a gabansa. 'Yar gwaggo ta ɗauki ɗaya da murna, ta jawo rigata ta ce, "Yaya, taho mu share."

Na dubi tsintsiyar. Na san in na duƙa na share a gaban kowa, na amsa ke nan, kuma ban ga ranar da zan iya warwarewa ba. Na ce, "Ba ni sharewa."

"Kun ji!" in ji ƙanena. "Bawa ya ƙi aiki. Kaka, kina gani? Sai mun sai da shi kasuwar Rabah, ko akuya a ba mu."

Kaka tana zaune bisa tabarma tana kaɗi. Ta ce, "Kai mijin banza, wane bawa?"

"Ɗan gwaggo mana."

"Wane na ɗan gwaggo?"

Ya nuna ni da baki. Kaka ta fara dariya, sai ta duba fuskarsa ta ga da gaske yake. Ta ajiye mazarin. Ta ɗaga murya wajen madafa ta ce, "Ke, yaron ga ba a hwaɗa mai ba?" Inna tana daka. Muka ji taɓarya ta tsaya.

Kaka ta ce, "Taho nan, sakarai. Bayan da anka goya ka, shi yaf fara hawa nai. Uwarku guda, ubanku guda. Aro gwaggonku ta yi. Yayanka na."

"Ƙarya ta!" ya ce. Ya juya wajen gwaggo. Gwaggo ta gyaɗa kai ta ce, "Gaskiya ta, ɗana. Ni na riƙa, ba ni na haihwa ba." Ya ruga ƙofar madafa ya tsaya yana kallon Inna. Ba ta ɗago ba. Ta dai ce a hankali, "Ka ji abin da kakarka tac ce." A iya sanina, wannan ce magana mafi kusa da amsa ni da ta taɓa yi a gaban mutane.

'Yar gwaggo ta fashe da kuka, wai an ƙwace mata yaya. Gwaggo ta ɗauke ta ta ce, "Naki na, ba mai amshe miki." Ƙanena ya zubar da dabinon a ƙasa ya fita. Ni na tsince shi na ba yarinyar, tun da yanzu ni ma ɗan namiji ne, shararta tana kaina.

Na zaci daga ranar komai zai daidaita. Bai daidaita ba. Tsokana ta ƙare, amma magana ma ta ƙare. Ba ya kiran sunana, ba ya ce mini Yaya, in dole ta kama sai ya ce "kai". Ya janye tabarmarsa zuwa bakin ƙofa. Na shiga damuwa fiye da da. Na riƙa cewa da na share ɗin, da yanzu muna dariya. Har na fara kewar a ce mini mai ƙarnin kifi.

Sai da na girma na fahimci abin da ya same shi, kuma ina da tabbaci a kai, don na ga irinsa a gidaje da yawa bayan nan. Ni ban rasa komai ba a ranar, uwa biyu gare ni kuma na san su duka. Shi ne ya yi rashi. Ya kwana yana babban ɗan gida, mai riƙe wa Baba buta, mai hawa gaban jaki, ya wayi gari yana ƙane. Ya kuma rasa abokin wasa, don ba a zagin wa yadda ake zagin taubashi, kuma bai san wata hanyar yi mini magana ba. Riƙo bai cuce mu ba. Yaro yana iya ɗaukar gida biyu a zuciyarsa ba tare da ta tsage ba. Abin da ya wahalar da mu shi ne an faɗa wa wanda aka tafi da shi, an manta da wanda aka haifa a bayansa.

Da rani ya shiga, ranar da babu makaranta nakan bi su fadama. Baba ya sa mu ban ruwan albasa, ni ina jan jigo, ƙanena yana buɗe wa ruwa hanya daga fangali zuwa fangali. Aikin ba ya yiwuwa sai da magana, amma muka yi shi da hannu da ido. Da rana ta take aka aiko mana da fura a ƙwarya ɗaya da ludayi ɗaya. Baba ya tafi duba wani maƙwabci, ya bar mu mu biyu a gindin mangwaro.

Ƙanena bai taɓa ludayin ba. Na jira, shi ma ya jira. Can na gane ni yake jira in fara, sai na ɗauka na sha na miƙa masa. Muka yi ta karɓa-karɓa. Ni kuwa hankalina ya tafi wajen neman abin da zan ce masa, ina ta sha ban lura furar ta yi ƙasa ba, har gayan da ya kwanta a gindin ƙwarya ya fara bayyana. Na sake kai hannu, sai ya riƙe bakin ƙwaryar.

"Wai Goronyo ba a koya ma komi ba?" ya ce. "Babba ba ya kai ƙwarya ƙasa. In kai na Yaya, to tashi ka bar man gayana."

Na saki ludayin na tashi. Na koma wajen jigo na kama igiya, ina jin sa a bayana yana kankare ƙwarya. Da ya gama ya ɗaga murya ya ce, "Yaya, ja da ƙarhi mana, fangalin ga bai sha ba."