Rijiyar Baba da Yaya Rabi Ta Ce a Rufe

Shekara goma sha uku ke nan da rasuwar yayata Rabi. Har yau, idan damina ta kankama a unguwarmu ta New Bell, ruwa ya fara shigowa tsakar gidaje, ita ce take fara faɗo mini a rai.

Yaya Rabi ta karanta aikin ɗakin gwaje-gwaje, wanda mu a Douala muke ce wa labo. Ta gama karatu daidai lokacin da tattalin arziki ya karye, gwamnati ta daina ɗaukar ma'aikata. Takardar shaidarta ta yi shekaru a ƙasan akwati, ita kuwa tana rumfata a kasuwa tana taya ni sayar da atamfa. Daga baya ta samu gurbi a wani ƙaramin labo a unguwar Deïdo, tana gwajin jini da fitsari. A can ne ta nace sai da aka tura ta kwas na gwajin ruwan sha, abin da kowa yake gani ɓata lokaci ne.

Sai shekarar amai da gudawa ta zo. Mutum zai gaishe ka da safe, kafin la'asar an fita da shi ranga-ranga. Masai ya tumbatsa, kwata ta haɗe da hanya, gidajen makoki suka yi yawa har ba ka san wanda za ka fara shiga ba. A layinmu ma an rasa ɗan maƙwabcinmu Malam Sule.

A ƙofar gidanmu akwai rijiyar da Baba ya haƙa sadaka saboda mahaifiyarsa. Rabin unguwa a nan suke ɗiba, kuma babu abin da Baba yake ji da shi kamarta. Yaya Rabi ta ɗebi ruwanta a kwalba ta kai labo ba tare da ta gaya wa kowa ba. Ranar da sakamako ya fito, ta same shi a zaure ta durƙusa, ni ina tsaye a bayanta.

"Baba, masai yana tsiyayowa cikin rijiyar nan. Sai an rufe ta."

Ya ce, "Ruwan da kika sha kika girma?"

"Shi ne, Baba. Amma da ba haka yake ba."

"Wato ni na kashe yaron Malam Sule ke nan."

"Ban ce haka ba. Na ce in ba a rufe ba, za a ƙara wani."

Ya tashi ya shige ɗaki.

Kafin a ce me, magana ta zagaye unguwa. Wasu suka ce masu sayar da ruwa ne suka saye ta, wasu suka ce ruwa garau, babu wari, boko ne kawai ya juya mata kai. Ba ta da ikon rufe rijiyar mahaifinta, don haka kowace safiya kafin ta tafi aiki sai ta ɗauki kujera ta zauna a bakin rijiyar da kwalbar javel, maganin kashe ƙwayoyin cuta, tana ɗiga wa kowace mace a bokiti, tana roƙonta ta ɗan jira kafin a sha. Wasu su yarda, wasu su fizge bokitinsu. Na ga wata ta juye mata ruwan a ƙafa. Baba yakan wuce ta zuwa masallaci ko kallonta ba ya yi. A cikin gida kuwa sai ƙarar cokali, babu mai magana.

Ana cikin haka ciwon ya kama Inna. Yaya Rabi ce ta yi ta ɗura mata ruwan gishiri da sukari har muka isa asibiti, idanun Inna sun faɗa, muryarta ta shige. Baba ya wuni zaune a ƙasa a waje, ba mu san ko za a fito mana da ita da rai ba. Allah ya sa da sauran kwana. Washegarin sallamarta Baba ya kira magini, ya tsaya da kansa aka daɓe bakin rijiyar da siminti. Bai taɓa ce wa Yaya Rabi ta yi daidai ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ki nemo mini yadda za a ja famfo. Kada ladan tsohuwa ya yanke."

Yanzu Maryam, 'yar Yaya Rabi, ta gama digiri a kimiyyar muhalli tana neman aiki. Akwai ayyukan da uwarta ba ta taɓa jin sunansu ba, a kamfanonin ruwa, a tashar jiragen ruwa, a ƙungiyoyin lafiya. Sai dai ko'ina ta je ana tambayarta digiri na biyu, da iya sarrafa bayanai a kwamfuta, da Faransanci da Turanci, da gogewar da ba wanda ya ba ta damar samu. Ina jin da Yaya Rabi tana nan za ta yi murna ta ga yarinyar New Bell tana zana taswirar rijiyoyin gari a kwamfuta. Amma ranta zai ɓaci ta ga har yau kwata tana shiga gidaje, kuma za ta ce wa Maryam takarda ba ta koya wa mutum yadda zai faɗa wa wanda yake ƙauna abin da ba ya son ji.

Gajeriyar jinya Yaya Rabi ta yi ta rasu, ba ta bar gida ba, ba ta bar mota ba. Amma a kasuwa nakan haɗu da matan da suka taɓa fizge bokiti a hannunta, ga su da jikoki a baya. Aiki irin nata ba ya barin shaidar da za a nuna. Abin da ta bari shi ne jana'izar da ba a yi ba a layinmu, kuma waɗanda suka tsira ma ba su san su ne aka ceto ba. Allah ya jiƙanki da rahama, Yaya.