Ranar da Muka Kashe Firiza Don Bidiyo

Matso kusa ka ji, don wannan abin ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina ba zan manta da shi ba.

Lokacin muna garin Springfield, a nan ƙasar waje, maigidana na tuƙin tasi, amma zuciyarsa na kan kyamara. Ya sayi wata ta hannu, ya mai da ɗakinmu na ƙasa wurin ɗaukar bidiyo. Kayan aikinsa kuwa sai ka yi dariya: fitilun gyaran mota, farin zanin gadona a bango, barguna a rataye ko'ina don kada murya ta yi amsa-kuwwa, sai tsohuwar waya da yake saka wa mai magana a aljihu ta naɗi murya.

A kwanakin nan 'yarmu ta fari ta haihu. Ran Laraba aka raɗa suna, aka je gona aka yanka rago, amma taro sai Asabar, don a ƙasar nan ba mai bar maka aikinsa tsakiyar mako. Naman duk muka jibge a babbar firiza, ita ma a ɗakin ƙasan take. Surukanmu kuma za su zo daga College Park, karo na farko da za su ci girkina.

Ran Alhamis aikinsa na farko ya faɗo. Wata Hajiya 'yar Nijar ce ta buɗe kamfanin kula da tsofaffi, tana son ɗan bidiyon talla. Na sauko musu da shayi, sai ya maƙala min abin sauraro a kunne yana washe baki. "Maman yara, ji aiki!"

Na ce, "Malam, aiki ya yi, amma akwai abin da ke gurnani ƙarƙashin muryarta."

Ya saurara, ya waiga. "Kai, firizar nan ce!" Ya zare wayar firizar daga bango. Hajiya ta gyara mayafi ta ce irin ta 'yan Nijar, "Bon, to mu sake." Murya ta fito tas kamar a rediyo.

To, ka san halinmu, baƙo ba ya tafiya ba rakiya. Muka hauro gaba ɗaya har bakin mota, a gaida gida, a gaida mai jego, Allah ya raya. Ba wanda ya sake leƙa ƙasa.

Juma'a da hantsi na sauka ɗaukar zanin gadona, sai na ji ɗakin ya yi wani shiru da ban san shi da shi ba. Ina ɗaga murfin firizar na ga ruwan jini kwance. Kayan ciki sun fara juyawa, amma tsokar da sauran sanyinta.

Na kira shi a waya. "Malam, ragon jikarka zai mutu karo na biyu!"

Bawan Allah ya juyo da tasi ba ko fasinja. Na kira matan unguwa, har Hajiyar ta zo da ƙatuwar tukunyarta tana cewa muryarta ce ta jawo. Muka zubar da kayan cikin, muka kafa suya a bayan gida. Shi kuwa an ba shi yankan albasa, hawaye shaɓe-shaɓe, mata na ta yi masa tsiya: "Mai bidiyo, ɗauki kanka mana!"

Ran Asabar uwar surukinmu ta tauna nama, ta lumshe ido ta ce, "Suyar da ta kwana! Rabona da irinta tun Kano." Maigida ya ƙura wa silin ido, ni kuma na ƙara mata wani.

Tun daga ranar, in zai kashe firiza sai ya jefa makullin tasinsa a cikinta, ba inda za shi sai ya dawo ɗauka, ya tuna ya kunna ta. Ni kuma na koyi cewa aikin araha ba laifi ba ne, amma duk abin da ka kashe don ka gyara wani, ka bar abin da zai dawo da kai gare shi.

Kai fa, me ka kashe na ɗan lokaci, har yau ba ka koma ka kunna ba?